Ƙwarin Ambulan na Bakwai

4 ga Fabrairu

Zuwa ga Kawu Tela,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Ni nan lafiya lau, sai aiki.

Na san yanzu kana juya ambulan kana tambayar wace ce wannan. Mahaifinka da kakata ta wajen uwa 'ya'yan wa da ƙani ne, haka Mama, 'yar'uwarka malamar asibiti, ta lissafa mini da yatsu. In lissafin ya yi tsawo, ka tuna yarinyar da aka kawo hutu gidanka shekara ashirin da suka wuce, ta hau saman bene ta buɗe akurki wai tantabaru su sha iska. Ni ce, Kawu, kuma har yau ban ba ka haƙuri ba. Ga shi na bayar, don ina da buƙata.

Ina shekara ta huɗu a digiri na uku. Aikina raba dangin wasu ƙananan ƙwari ne masu zama cikin gashin tsuntsaye. Ba ƙuma ba ne, ba kwarkwata ba, su waɗannan ƙafa shida gare su. Nawa ƙafa takwas ne, 'yan'uwan kaska da gizo-gizo, amma ba su kai ƙwayar gishiri ba, sai an sa su ƙarƙashin madubin ɗakin bincike mai ƙara girman abu. Ina duba su ɗaya bayan ɗaya in ce wannan ɗan dangi kaza ne, gida kaza, jinsi kaza, yadda Mama ke yi wa mutane a taron dangi.

Na tara na kaji da agwagi da zabi, na tantabara ne ya rage. Don Allah ka cire mini gashin fiffike ɗaya-ɗaya daga tantabara goma sha biyu. Kowane gashi da ambulan ɗinsa, ka sa lamba, ka rubuta ranar da ka cire da kuma wace tantabara ce. Kada a haɗa biyu wuri ɗaya, domin ƙwaron da ba a san jikin wanda ya fito ba, a wajenmu datti ne kawai.

Ina so in gama bana. 'Yata tana wajen Mama tun tana wata takwas, yanzu ta kai shekara uku. Ran nan a waya na ji ta ce wa Mama, "Ga Anti nan tana magana." Na yi dariya, amma abin ya tsaya mini a rai.

Ka gaida Inna.

'Yarka mai buɗe akurki.

19 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata 'Yar Madubi,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya, sai dai gwiwa da ke yi mini gardama a matakala, ita kuma Innarki ta ce ba gwiwa ba ce, tsufa ne. Tana gaishe ki.

Na tuna ki sarai. Kwana biyu na yi ina bin rufin maƙwabta da gero a hannu. Na yafe, tunda yau kin zo da kanki, ko da yake an ce zumunta a ƙafa take, taki kuwa a ambulan ta zo.

To amma wannan karatu naki ya ɗaure mini kai. Na ji masu karatun likita, na ji masu karatun gina gada, ban taɓa jin wanda ya shekara huɗu yana tambayar ƙwaro sunan ubansa ba. Na gaya wa Innarki, ta ce in bar ki, kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ga gashi goma sha biyu nan, kowanne da ambulan ɗinsa. Shekara arba'in na yi ina rubuta awon mutane ban taɓa ba wa wani wandon wani ba, saboda haka kada ki ji tsoron lambobina. Na ɗaya namijin da nake kira Direba ne, na biyu matarsa, haka har ƙasa. Ta bakwai ita ce Mai Zobe, wadda ke da farin layi zagaye da wuya. Ita ce tsohuwar gidan, sai da na ba ta haƙuri kafin na cire.

Abu ɗaya zan gaya miki tun yanzu don kada ki ɓata lokaci. Ba za ki sami komai ba. Kullum da safe ina share akurkin nan kafin in karya, ruwansu sau biyu ake canzawa. A duk layinmu babu wanda ya isa ya nuna tantabarata da yatsa. Wannan ɗan'uwan kaska da kike nema sai dai ki neme shi a wani gidan.

Allah ya ba da sa'a, ya mayar da ke wajen 'yarki da takarda a hannu.

Kawunki.

6 ga Maris

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mama ta ce ka riƙa sa mata ruwan ɗumi, ka kuma rage hawan bene, na ce mata na biyun ba zai yiwu ba.

Kawu, rubutunka ya fi na ɗalibanmu tsabta, har Farfesa mai duba aikina ya tambayi wace jami'a ka yi. Sai dai ka faɗi caca. Cikin ambulan goma sha biyu, sha ɗaya duk da ƙwari. A gashin Direba kaɗai na ƙirga arba'in da uku, sun jeru a tsakanin zaren gashin abinsu. Ban da na ambulan ɗaya, duk sanannu ne, an daɗe da rubuta su.

Na bakwai ne ya hana ni cin abincin rana. Muna da littafin tantancewa da ke aiki da tambayoyi: silin gashi nawa ne a bayan ƙwaron, ƙafar gaba ta fi ta baya tsawo ko a'a, garkuwar bayansa a haɗe take ko a rabe. Kowace amsa tana kai ka ga wata tambayar har ka isa ga suna. Na bi na Mai Zobe, dangi ya fito, gida ya fito, da na zo kan jinsi sai hanya ta ƙare. Na koma farko sau uku. Na kira Farfesa, ya zauna a kan madubi har shayinsa ya huce, ya ɗago ya ce shi ma bai san shi ba. Kawu, abin da ke jikin Mai Zobe babu shi a kowane littafi.

Kada wannan ya tayar maka da hankali. Ba sa shan jini, ba sa sa ciwo. Maiƙon gashi da ɗan dattin da ya maƙale suke lasa, kusan ma wanki suke yi wa tsuntsun. Lafiyayyar tantabara ce ke ɗauke da su.

Ga inda gizo ke saƙar. Guda huɗu na samu, kuma duk mata ne. A wannan gida na ƙwari matan kan yi kama da juna ƙwarai, namiji ne ke da alamar da ke raba jinsi da jinsi, a ƙarshen jikinsa. Farfesa ya ce in babu namiji ba zai sa hannu a kan cewa sabon jinsi ne ba, kuma wannan babin shi ne zai ɗauki nauyin kundina, sauran duk maimaita aikin wasu ne. Kwamiti zai zauna ƙarshen Yuni. In na kai musu namiji, na gama. In ban kai ba, sai wata shekarar.

Saboda haka ka ƙara cire mini gashi shida daga Mai Zobe, uku a kowane fiffike. Kuma don girman Allah kada ka yi mata wanka, kada ka fesa komai a akurki. Ka bar ta yadda take.

'Yarka da murna ta hana zama.

17 ga Afrilu

Kawu,

Ina fatan lafiya. Yau sati shida ke nan ban ji daga gare ka ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙun sashenmu, har mai rabon takardu ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Lambar wayarka da Mama ta ba ni a kashe take. In rashin lafiya ne, ka sa wani ya rubuto mini layi biyu, ƙwaro bai kai ka ba. In kuma wani abu na faɗa da ya ɓata maka rai, ka yafe mini, baki ne da ni tun ina ƙarama.

Na zana matan nan huɗu ta sama da ta ƙasa, na auna kowane sili, babu abin da ya rage sai mijinsu. Saura sati goma.

'Yarka.

28 ga Afrilu

Zuwa ga 'Yar Madubi,

Lafiyarmu ƙalau, ni da Innarki. Ba ciwo ne ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Wayar ma ni na kashe ta da hannuna.

Ki zauna kafin ki karanta. Ranar da takardarki ta zo, a tsaye na buɗe ta a bakin shago. Na ga arba'in da uku a jikin Direba. Na kai inda kika ce abin da ke jikin Mai Zobe babu shi a kowane littafi, nan fuskar takardar ta ƙare, nan ni ma na ƙare. Na ce shi ke nan, cutar da ko likitoci ba su san ta ba ta sauka a gidana. Na cusa takardar a aljihu na nufi kantin maganin dabbobi.

Kwana uku ina aiki. Na yi wa tantabara talatin da ɗaya wanka da ruwan magani, ɗaya bayan ɗaya. Mai Zobe sau biyu na tsoma ta. Na ƙone tsoffin sheƙa, na fesa akurki ciki da waje, na shafe shi da farar ƙasa. Duk a ɓoye na yi, don akwai wani mai aski a ƙarshen layinmu da ke kiwon tantabara a saman shagonsa, ba ma ga maciji da juna, kuma da ya ji labari da an ji shi har tasha.

Bayan sati biyu Innarki za ta wanke rigar, ta ciro takardar, ta ce, "Malam, ka karanta bayan kuwa?" Na ce wane baya. Ta juya mini. Ta tsaya a kaina sai da na karanta da ƙarfi har wurin "kada ka yi mata wanka". Ta ɗauki bokitinta ta fita, kuma wannan fitar ta fi mini zagi ciwo. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon naki ne.

Tun ranar nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Ga gashi shida na Mai Zobe nan, ko Allah zai sa wani mai taurin kai ya tsira. Ki yafe wa tsohon da ya yi shekara arba'in yana juya riga ciki da bai, amma ya kasa juya takarda.

Kawunki mai laifi.

9 ga Mayu

Zuwa ga Kawu,

Na gode Allah da kuke lafiya, wannan ne farko. Na biyu, ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka. Na shiga ɗakin ajiyar kwalabe na rufe ƙofa na yi mai isata. Da na fito na sake karanta wurin da ka tsoma Mai Zobe sau biyu, sai dariya ta ƙwace mini, har abokiyar aikina ta zaci na taɓu.

Na duba gashin shida zare-zare. Ka iya wanki, Kawu. Ko ƙwai ɗaya ba ka bari ba.

Laifin ba naka kaɗai ba ne. Ni ce na ajiye magana mafi muhimmanci a bayan takarda, na cika gaba da surutu. Wannan karon fuska ɗaya na rubuta, kuma na ja layi a ƙarƙashin abin da nake so.

Ƙwarin nan ba sa tashi, ba sa tsalle. Yawanci a cikin sheƙa suke bin jiki, daga uwa zuwa 'ya'yanta, shi ya sa suke bin zuriya kamar gado. Tunda a jikin Mai Zobe kaɗai na gan su, to inda jininta yake, nan za a neme su. Ka tuna mini da kyau: akwai ɗanta ko 'yarta ko jikanta da ya bar gidanka kafin wankan nan? Wanda ka sayar, ko ka bayar kyauta, ko ya ɓata? Ko ɗaya ne ya isa. Saura sati bakwai, kuma shirya ƙwaro a kan gilashi da zana shi yana cin sati uku.

'Yarka da ba ta fid da rai ba.

21 ga Mayu

'Yar Madubi,

Muna lafiya. Na karanta takardarki gaba da baya, bayan ma da babu komai sai da na duba shi sau biyu.

Akwai su. Shekara biyu da suka wuce 'ya'yan Mai Zobe biyu, mace da namiji, suka sauka a saman shagon mai askin nan. A ƙa'idar masu kiwo, tantabarar da ta kwana uku a rufinka ta zama taka. Ni na ce da gero ya yaudare su ya rufe, shi ya ce da ƙafarsu suka zo don sun gaji da mai gidan da ke share su da tsintsiya. Tun ranar ko gaisuwa ba ma yi. In zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan layi.

Na kwana biyu ina neman wata dabara. Na ce ko in aiki Innarki, ta ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ranar Talata da hantsi na sa hula na tafi.

Kin san kaina, ko ba ki sani ba, babu ko sili ɗaya a kansa. Na shiga shagon, mutum uku na zaune a benci, na hau kujera na cire hula. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Tela, me zan aske a nan?"

Na ce, "Aske abin da ka samu."

Ya yafa mini ƙyalle, ya shafa kumfa a kan da babu komai, ya fara jan aska a hankali kamar mai aikin gaske. Mutanen benci suka zuba mana ido. Da ya kai tsakiyar kai na ce, "'Ya'yan Mai Zobe suna nan?"

Ya ce, "Tantabaruna suna nan. Sun yi jikoki ma."

Na haɗiye wannan. Na ce, "Kana yi musu wanka da magani?"

Ya ce, "Ni ina da aikin yi. Ruwan sama na yi musu."

Ban taɓa jin daɗin ƙazantar mutum irin na ranar ba. Na kwashe labari duka na gaya masa, har da bayan takarda. Ya ajiye aska ya zauna a benci yana dariya har da riƙe ciki. Da ya samu numfashi ya ce, "Wato abin da jami'a ke nema ruwa a jallo, kai ka kashe naka da kuɗinka, ni kuma nawa na nan saboda lalaci." Na ce haka ne. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma gwiwata ta ji a jikinta.

Da na ce masa akwai yarinya 'yar shekara uku da ke jiran uwarta, sai ya daina dariya. Ya sallami mutanen benci, ya rufe shago, muka hau sama. Shi yana kamawa, ni ina cirewa ina rubutawa. Ga ambulan goma sha huɗu nan: 'ya'yan biyu, da jikoki goma sha biyu, kowace tantabara da ambulan ɗinta, gashi huɗu-huɗu. Sharaɗinsa ɗaya ne, wai a rubuta a littafin cewa a saman shagonsa aka samu. Na ce zan isar, ban ce na yarda ba.

Kawunki mai sabon aski.

27 ga Yuni

Zuwa ga Kawu,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna, da kuma mai aski, wanda ban san da wane irin dangantaka zan kira shi ba, amma ya shiga dangi.

Ka yafe mini shirun wata guda, ban so in rubuto sai da magana a hannu. Ambulan takwas na farko mata ne zalla. A na tara, gashin wani jika da ka rubuta wa "mai faɗa", na ga wani ɗan siriri a maƙale kusa da tushe. Na juya shi, ƙarshen jikinsa a rabe biyu, kowane ɓangare da faffaɗan sili mai kamar ganye, abin da babu wani a gidansu da ke da shi. Kafin in gama ambulan sha huɗu na sami maza bakwai. Farfesa ya duba, ya cire tabarau, ya ce in kawo takardar ya sa hannu.

Jiya na tsaya gaban kwamiti awa biyu. Sun amince, Kawu. Gyaran da suka ba ni bai wuce na sati ɗaya ba, ranar goma ga wata mai kamawa ina hanyar gida. Na yi farin cikin da ban san inda zan sa shi ba.

Sharaɗin mai aski ba alfarma ba ce, doka ce. Namijin da aka kafa jinsin a kansa za a ajiye shi a jami'a a kan gilashinsa, kuma dole takardar jikinsa ta faɗi inda aka samo shi, wato saman shagon aski. Amma akwai layin wanda ya tattaro, wannan naka ne. Sannan wanda ya bayyana sabon jinsi shi ke raɗa masa suna, kuma in an buga shi ya zauna ke nan. Ina neman izininka in sa masa sunanka. Na san ƙwaro ne, in ka ƙi ba zan ji haushi ba.

'Yarka.

5 ga Yuli

Zuwa ga Dakta 'Yar Madubi,

Alhamdu lillahi. Innarki ta yi ta murna har ta ƙona abin da ke kan wuta, ta ce ki sumbaci yarinyar a madadinta. Ni kuwa na karanta takardar a shagon aski, a tsaye, da ƙarfi, don kowa ya ji wurin layin wanda ya tattaro.

Na ba da izini. An sa wa jikoki biyu sunana, duk ba su da natsuwa, bari mu gwada ƙwaro.

Sai dai abu ɗaya ya dame ni. Mai aski ya ce, "To Tela, suna naka, amma a gidana yake haya." Mutanen benci suka yi dariya, ni ban yi ba, don gaskiya ya faɗa. Ba zai yiwu a ce abu yana amsa sunana a littafin jami'a, a zo gidana a neme shi a rasa ba.

Saboda haka shekaranjiya na je da kwando na ɗauko 'ya'yan Mai Zobe biyun nan. Shi ya ce aro ne na wata uku, ni na ce dawowa gida ce, wannan gardamar kuma muna yin ta kullum da yamma a kan bencinsa. Na sa su a sheƙar da ke manne da ta uwarsu, na kwashe sauran maganin na mayar wa mai kanti. Innarki ta hau sama jiya ta tarar da ni na ɗaga fiffiken Mai Zobe ina dubawa a rana, ta ce me nake nema. Na ce ina duba ko baƙi sun iso.

Ki rubuto mini wata nawa suke ɗauka kafin su cika gida, don in san ranar da zan aiko miki da gashi ki tabbatar. Allah ya kai ki gida lafiya.

Kawunki Tela.